Tafiya Biyu da Goggo

Idan ka taɓa zama a Demsawo lokacin jigilar alhazai, ka san yadda yara suke ɗaga kai sama duk sa'ad da babban jirgi ya taso daga filin jirgin saman Yola. Ni ma haka na yi ina yaro. A lokacin na ɗauka duk wanda ke cikin jirgin nan yana kishingiɗe ne kamar basarake a zaurensa. Sai da na haura shekara arba'in sannan gani ya kori ji. Sau biyu na yi doguwar tafiya a jirgin sama, duka biyun tare da Goggo, yayar mahaifina, kuma har yau ba mu daidaita a kan wadda ta fi daɗi ba. Bari in ba ka labarin kowace.

Ta farko a shekarar 2019 ce, daga Yola zuwa Saudiyya, cikin jirgin alhazai. Kujeru goma ne a kowane layi: uku ta dama, huɗu a tsakiya, uku ta hagu. Kafin ka ce jirgi ya matse, ya kamata ka san yadda ake auna wannan. Ana duba nisan da ke tsakanin kujerarka da ta gabanka, sannan a duba faɗin mazaunin. A sashen masu ƙaramin tikiti, nisan yakan kasance tsakanin santimita 76 da 81, faɗin kuwa tsakanin 43 da 46. Santimita biyar ba ta kai tsawon yatsanka ba. Amma ni dogo ne, kuma awa huɗu da wani abu gwiwoyina suka yi suna gogar bayan kujerar wani dattijo, shi ma da ya gaji sai ya kwantar da tasa a kan cinyata. Babu allon kallo, babu matashin kai. Abincin shinkafa ce da kaza a ɗan kwano, ban ji ɗanɗanon komai ba.

Daga baya na karanta cewa ba duka laifin mai dafawa ba ne. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, kuma ƙarfinta daidai yake da na saman dutse mai tsawon mita dubu biyu ko fiye. A irin wannan yanayi harshe ba ya jin gishiri da zaƙi sosai, maƙogwaro kuma yana saurin bushewa.

Bushewar nan ce ta kusa jawo mana matsala. Goggo ta ƙi shan ruwa tun daga sansanin alhazai, domin an faɗa mata banɗakin jirgi yana da wata irin ƙara mai zuƙe mutum. Na yi lallashi har na gaji. Can wata ma'aikaciyar jirgi ta lura da leɓɓanta, ta durƙusa kusa da ita ta gaishe ta da Hausa. Da ta ji Hausar Goggo tana karkata, sai ta juya zuwa Fulatanci.

"Inna, ga ndiyam, ki sha," in ji ta. "In kin so zagayawa ni zan raka ki da kaina, in tsaya miki a ƙofa."

Goggo ta dube ni, ta dube ta, ta karɓi kofin. Bayan awa ɗaya suka tafi tare, tana riƙe da hannunta kamar jika da kaka. Da ta dawo ta ce da ni, "Malam, ashe ƙarar ce kawai."

Tafiya ta biyu a 2022 ce, kuma ba ta farin ciki ba ce. Gwiwar Goggo ta hagu ta lalace, likitoci suka ba da shawarar aiki, 'ya'yanta suka haɗa kuɗi, ni kuma aka ɗora mini rakiya zuwa Indiya saboda ina jin Turanci. Daga Yola zuwa Abuja kimanin awa ɗaya ce. Daga Abuja muka shiga jirgin wani babban kamfani na waje, muka yi kusan awa bakwai kafin mu sauka mu canja wani.

A nan fa na ga abin da nake mafarki ina yaro, ko da yake mu ma a baya muke. Kujerar tana da laushi, wurin jingina kai yana lanƙwasawa, akwai bargo da matashi, kuma kowa da allonsa. Sa'o'i na yi ina bin taswirar da ke nuna inda jirgi yake, ina tuna cewa kakanninmu na Adamawa da ƙafa da jaki suka ratsa Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, wasu shekaru suka yi kafin su dawo, wasu ba su dawo ba. Abinci sau biyu aka kawo, har da zaɓi tsakanin kifi da kaza. Gwiwoyina ba su taɓa komai ba. Da ni kaɗai ne, da ba ni da abin cewa.

Sai dai an raba mu. Ni ne na yi sakaci ban zaɓi kujeru tun wajen sayen tikiti ba, aka sa ni layi shida a bayanta, ita kuma a tsakiyar mutum biyu da ba ta sani ba. Ga mai ciwon gwiwa wannan babbar wahala ce. Likitoci suna gargaɗi cewa zaman da ya wuce awa huɗu ba motsi yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, musamman ga tsofaffi, shi ya sa suke cewa a riƙa tashi ana 'yar tafiya, ana juya idon sawu, ana shan ruwa. Goggo ba ta iya tashi sai ta tayar da maƙwabcinta, kuma kunya ba ta bar ta ba. Ma'aikatan ba su yi mata rashin ladabi ba. Sun yi murmushi, sun tambaye ta abin da take so da Turanci mai taushi, ta girgiza kai, suka ɗauka ta ƙoshi, suka wuce. Lokacin da na samu zuwa wurinta, tirenta na nan a rufe, ƙafarta ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Na roƙi shugabar ma'aikatan, ta yi magana da wani fasinja, ya yarda muka yi musaya. Aka ba Goggo kujerar bakin hanya, aka kawo mata shayi da burodi. Duk wannan bai ɗauki minti goma ba, amma bayan awa huɗu aka yi shi.

Saboda haka idan za ka raka tsoho, ka nemar masa kujerar bakin hanya tun kana sayen tikiti, kai kuma ka zauna kusa da shi. Ka nemi keken guragu a lokaci guda, kyauta ake bayarwa a filin jirgi. Kada ka sa rai da kujerun bakin ƙofar gaggawa: suna da sarari, amma ba a ba marar lafiya.

Ni dai in aka tambaye ni, jirgi na biyu ya fi, kuma bayana da gwiwoyina shaida ne. Goggo ba ta yarda ba. Yanzu tana tafiya da sanda ɗaya, tana zuwa kasuwar Jimeta a keke mai ƙafa uku. Duk wanda ya zo gaishe ta ya tambayi labarin Indiya, sai ta taƙaita shi cikin kalmomi kaɗan, ta koma kan yarinyar nan ta jirgin alhazai. Ba ta san sunanta ba. Ta ce dai daga maganarta 'yar wajen Mubi ce, ni kuma ina ganin ta Girei ce.