YAYI BA YA ƘAREWA, KUƊI NE KE ƘAREWA

Yau hirar tamu a kan ɗinki ce da kayan ado, don na lura da zarar an ce biki ya matso ko Sallah ta ƙarato, to fa hankalin 'yan mata ya tashi ke nan, kowacce na riƙe da waya tana nuna wa tela hoton wata riga tana cewa, "Irin wannan nake so, don Allah kada ka rage komai." Shi kuwa tela bai taɓa cewa ba zai iya ba, sai ya karɓi kuɗi ya sa a aljihu, ranar karɓar kaya a yi ta sa-in-sa har maƙwabta su leƙo.

Shin 'yar uwa kin taɓa tambayar kanki daga ina wannan hoton ya samo asali? Akwai wasu birane 4 da duniyar ɗinki ta ɗauke su uwa da uba, wato Niyok ta Amurka, da Landan, da Milan ta Italiya, da kuma Faris ta Faransa. Sau 2 a shekara, wajen Fabrairu zuwa Maris da kuma Satumba zuwa Oktoba, manyan masu zanen tufafi kan baje kolin sababbin kayansu a kan wani dogon dandamali, 'yan mata masu tallar kaya su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, su taka su juya su koma. Duk bikin da ƙyar yake kai minti 15, amma an shafe watanni ana shirinsa, kuma kayan da aka nuna sai bayan kamar wata 6 za su shiga kanti. Kafin nan masu ɗaukar hoto sun watsa su duniya, masana'antun Sin da Turkiyya sun kwaikwaya da yadi mai araha, daga nan sai Dubai, sai ga shi a Kantin Kwari ana ce miki, "Hajiya, sabon shigowa ne."

Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne, da yawan abin da ake nunawa a dandamalin nan ba don a saka a fita aka yi shi ba. Nuna gwaninta ne kawai, kamar yadda mai doki kan yi wa dokinsa kwalliyar hawan Sallah, ai ba da ita yake zuwa gona ba. Su kansu matan can abu ɗaya suke tsinta, ko yanayin hannun riga, ko launi, ko irin adon da aka yi a wuya, su bar sauran. Mu ne a nan muke so mu haɗiye abin ɗungurungum, rigar da aka yanka don ƙasar sanyi da kuma al'adar da ba tamu ba, mu ce sai tela ya fitar mana da ita daga atamfa turmi ɗaya. Ko a cikinsu ma akwai masu ja da baya. Halima Aden, Basomaliyar da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, ta hau dandamalin Niyok da na Milan da hijabinta a 2017, duniya ta yi ta tafa mata, amma a 2020 da kanta ta fito ta ce ta janye, domin aikin ya fara cin karo da addininta.

Sannan shi yayi zagayawa yake yi kamar fanka. Kumburarren hannun rigar nan da ya dawo wajen 2019 har kowace budurwa ta zama kamar za ta tashi sama, ki nemi hoton auren Gimbiya Diana na 1981 ki gani, shi ne dai, har da lu'ulu'u kimanin 10,000 da aka ɗinka a jikin rigar. Ɗaurarren ɗan kwalin da ake sayarwa a kifa a ka kawai, Shade Thomas-Fahm ta Legas ta fito da irinsa tun shekarun 1960. In kika buɗe akwatin Mama a hankali (da izininta fa!) za ki sha mamaki.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ma shi ne yadda suke zuwa gidanmu su ɗebi kaya. A 1967 Yves Saint Laurent ya girgiza Faris da wasu riguna da ya yi wa ado da duwatsun katako da wuri da zaren tukurwa, ya kuma faɗa da bakinsa cewa daga Afirka ya samo. A 2019 kamfanin Dior ya kai bikinsa Marrakesh ta Maroko, da atamfar da masaƙar Uniwax ta Abijan ta buga masa. Maƙwabcinmu Alphadi na Nijar kuwa cewa ya yi ai mu ma muna da dandamali, a 1998 ya tara manyan masu ɗinki na duniya a tsakiyar sahara, a Tigidit kusa da Agadas, ya buɗe bikin da ake kira FIMA, ga raƙuma ga rairayi, ga aikin azurfa da na fata irin na Buzaye. Amma wadda na fi so ku riƙe sunanta ita ce Lisa Folawiyo ta Legas. Lauya ce, ba makarantar ɗinki ta yi ba. A 2005 ta fara ɗaukar atamfa, wannan dai da muke ɗaurawa, tana bin zanen da ke jikinta da ƙananan duwatsu da ƙyalƙyali, ɗaya bayan ɗaya da allura, har riga ɗaya kan ci wa ma'aikatanta awa 240. A 2022 kayanta da na Alphadi suna cikin waɗanda aka baje a gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan. Atamfa, allura, zare, dutse. Wanne ne babu a ɗakinku?

Ni a hannun Goggona na fara ganin wannan aiki. Mace ce da ba ta taɓa zama hannu rabbana ba, in ta idar da sallar walha za ta jawo wani tsohon gwangwanin alewa cike da zare kala-kala, ta hau surfani, ko hula ko wuyan riga ko bakin matashin kai. Ita ta nuna mini bambancin aska biyu da aska takwas a jikin babbar riga, ta gaya mini yadda a da ake aikin da zaren tsamiya da alharini, riga ɗaya ta kai watanni ana yi. Ba ta san wani Faris ba, amma in ta kalli ɗinki sai ta juya bayansa tukuna kafin ta yaba, wai a baya ake gane mai hannu. Da kuɗin allurar nan ta yi wa 'ya'yanta mata 3 kayan ɗaki. Har yau a birnin Zariya akwai mata a cikin gidaje da suke wannan sana'a, kamar yadda Masaga na Bida suke narka kwalba su yi duwatsu da awarwaro. Mu da muka je sakandare muka iya karanta sunan kamfani a bayan jaka sai muka raina abin, muna ganin aikin tsofaffi ne.

To ga inda gizo ke saƙar. Anko ya fito, an yanke kuɗi, ga kuɗin ɗinki, ga na sa dutse wanda wani lokacin ya fi na ɗinkin, ga jaka da takalmi da ɗan kunne da sarƙa dole su dace, kuma biki ɗaya kala 3 ko 4 ne, na kamu daban, na yini daban, na dina daban. Yarinya tana aji 5, babanta albashi yake jira ko kasuwa ta yi masa nauyi, ina za ta samo? Wata ta ci bashi, wata ta taɓa kuɗin jarrabawa, wata kuma, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro, ta ɗauki waya ta kira saurayi. Ƙanwata, wallahi namijin da ba mijinki ba in ya saba biya miki anko, lissafi yake yi, kuma ranar da zai kawo takardar bashin ba za ki so ba. Na ga 'yan mata masu hankali da tarbiyya da suka fara zubar da girmansu a kan abin da bai wuce jakar hannu ba. Shi ya sa nake ganin koyon wannan ɗan aikin ya wuce maganar gayu.

Bari mu fara da dutse, tunda shi ya fi cin kuɗi. Iri 2 ne a kasuwa, akwai na guga, akwai na ɗinki. Na guga yana da busasshen gam a bayansa wanda zafi ke narkarwa. Ki fara wanke yadin ya bushe, don sitaci da maiƙon masana'anta suna hana gam kamawa, shi ya sa yake saurin zubewa daga sabuwar shadda. Ki shimfiɗa a kan tebur mai tauri, ki jera duwatsun, ki rufa farin ƙyalle a kai, ki ɗora dutsen guga ki danna kamar daƙiƙa 15 zuwa 20. Dannawa fa na ce, kada ki goga, in kin goga duk za su tarwatse, kuma kada ki yayyafa ruwa. Ki bari ya huce kafin ki taɓa da farce ki ji ko ya kama. Kada ki sa shi a leshi mai manyan huji, ba shi da wurin kamawa, siririn mayafi kuma ki gwada a gefe tukuna don kada ya ƙone.

Na ɗinki ya fi wahala amma shi ne na amana. Kafin komai ki jiƙa 'yan kaɗan a ruwan sabulu su kwana, in ruwan ya canza launi to fenti ne, kada ki kusantar da su farin yadi. Ki ninka zare biyu, ki goga shi a jikin kyandir don ya yi ƙarfi ya daina harɗewa. Ki zura dutse 3 ko 4, ki soka allura ƙasa, ki dawo baya ki fito ta tsakiyarsu, ki sake bi ta cikin 2 na ƙarshe sannan ki zura sababbi. Duk bayan ɗan taƙi ki ƙulla ta baya. Amfanin ƙullin shi ne ko zare ya tsinke a wajen biki dutse 5 za ki rasa, ba za ki riƙa tafiya suna zuba kamar an ɓare buhun gero ba. Shi kuma ƙyalƙyali mai huji a tsakiya, ki fito da allura ta hujin, ki zura ƙaramin dutse ɗaya, ki koma ta hujin, dutsen ne zai danne shi.

Ina za a sa? Nan ne ake gane mai ido. Ki kalli atamfar da kyau, ki zaɓi fure ɗaya ko ganye ɗaya da ke maimaituwa, shi kaɗai za ki bi, kuma a wuya da bakin hannu ya isa. Ni dai ban ga kyan rigar da aka cika ta da dutse tun daga kafaɗa har ƙasa ba, ga nauyi, ga zama ba daɗi, ga shi mai rigar ta ɓace sai walƙiya ake gani kamar motar amarya. Mayafi kuwa ba ya son nauyi, ƙananan duwatsu a baki kawai, in ba haka ba zai riƙa zamewa kina ta fama da shi a gaban surukai. Wanki da hannu, a juya bayan rigar, ban da matsewa da ƙarfi, guga ma ta baya.

Sai ƙyallayen da suka rage. Don Allah ki daina barin su a shagon tela, naki ne, ki ce ya ƙulle miki su a leda. Tsofaffin awarwaron roba da suka koɗe, ki yanka ƙyalle a karkace, faɗin yatsa 2, don yankan karkace shi ke lanƙwasa ba ya tattarewa. Ki ɗiga gam a farko, ki naɗe tam kowane zagaye na hawa rabin na baya, ki lanƙwasa ƙarshen ciki ki manne. Guda 4 ko 5 a hannu ɗaya, an gama. Ɗan kunne kuma, ki sami manyan maɓallai 2, ki yanka ƙyalle zagaye wanda ya ninka maɓallin faɗi, ki bi bakinsa da ɗinkin tsallake, ki sa maɓallin a tsakiya ki ja zaren ya tsuke, ki manna ƙarfen ɗan kunne a baya. Ana sayar da ƙarafan a wajen masu kayan ɗinki, a Kano ki duba Sabon Gari ko Kurmi. Sai dai in kunnenki na ƙaiƙayi ko ruwa da ɗan kunnen araha, sinadarin nikel ne da ke cikin ƙarfen, ki cire ƙugiyar wani tsohon ɗan kunnenki da kika san bai dame ki ba ki yi amfani da ita.

Jakar hannu ma ba gagara ba ce. Kwali mai ƙarfi za ki yanka gida 3, gaba da baya da marufi, ki shimfiɗa siririn soso a kai, ki lulluɓe da atamfar ta waje, ki sa yadi mai santsi ta ciki, ki bar 'yar tazara tsakanin kwalayen don su iya naɗewa, ki ɗinke gefe da gefe, ki sa maɓallin maganaɗisu. In kina da ragowar zaren surfani ki yi tuntu ki rataya a gefe. Wannan jakar ba ta son ruwa, saboda haka da damina ki sa ta a leda har ki isa gidan bikin.

Wadda ta gwada ta ga ya yi, ƙawaye da kansu za su fara cewa a yi musu. Ki karɓi kuɗin kayan aiki tun farko, ki sa ladan hannunki a kai ko da ƙawa ce ta ƙut-da-ƙut, ki kuma sami ɗan littafi kina rubuta wa ya biya wa ya saura. 'Yan makaranta kuma ban yarda a kai allura aji ba, Asabar da Lahadi da hutu sun isa.

A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu za mu taɓa saƙar kwarashi, da yadda ake yi wa bakin mayafi geza. Ku tanadi ulu da ƙugiya. Na bar ku lafiya.