Mun je Kingsbury neman injin da bai cika cokalin shayi ba

Saƙon ya zo mana ne daga ƙannenmu 'yan ƙungiyar JETS ta makarantar da muka gama a Kano. Sun haɗa ƙaramin kwale-kwale da falanki, tsawonsa santimita 70, sun shafe shi da fenti, sun gwada shi a cikin baho bai sha ruwa ba. Abin da ya rage shi ne inji. Tunda mu uku muna karatu a Birmingham ta ƙasar Ingila, suka ce mu nemo masu irin wanda ake kira nitro, kuma suka ja layi a ƙarƙashin kalma biyu: mafi girma. Muka yi karo-karo muka tara fam 120, wanda ga ɗalibi a ƙasar nan kuɗin cefanen makonni ne. Idan muka sayi abin da bai dace ba, babu na sayen wani.

Shi ya sa wata Lahadi da safe muka nufi Kingsbury Water Park, arewa maso gabas da Birmingham, kusa da garin Tamworth. Wurin a da ramuka ne da aka shekara da shekaru ana haƙar tsakuwa da yashi, kamar kududdufan da haƙar ƙasar gini ta bari a cikin birnin Kano. Da aka daina haƙa ruwa ya cika su, hukuma ta gyara wurin ta buɗe shi ga jama'a a 1975. Yau tafkuna 15 ne a cikin fili mai fiye da eka 600, kogin Tame na bi ta gefe, babbar hanyar M42 ta ratsa ta tsakiya. Akwai agwagin ruwa da dinya ko'ina, har da wani ɗan jirgin ƙasa da ke yawo da yara a cikin itatuwa. Mu dai ba su muka zo gani ba. Kunne ne ya kai mu inda muke nema, domin tun daga nesa muke jin wani kuka mai tsini kamar an tara sauro dubu a cikin gwangwani.

A bakin tafkin muka tarar da masu wasan, kuma yawancinsu sun yi jika da mu. Kowa da akwatin kayan aikinsa, da galan na mai, da rimot a rataye a wuya. Iskar wurin tana da wani ƙamshi mai daɗi-daɗi da ke sa ido ƙwalla. Wani dattijo mai farin gashi, wanda muka riƙa kira Baba a tsakaninmu, ya ga mun yi cirko-cirko sai ya yafito mu. Muka gaishe shi, muka nuna masa hoton kwale-kwalen a waya, muka ce inji mafi girma muke so. Ya yi dariya har da tari.

Ya buɗe bayan jirginsa ya ce mu leƙa. Injin bai kai dunƙulen hannun yaro ba. Lambobin da ake kiran waɗannan injuna da su, .12 da .15 da .18 da .21, awon cikin silinda ne da inci. Idan aka mayar da su sisi, wato awon da kuka sani a jikin babur, .12 ya kama 2.1, .18 ya kama 3, shi kuwa .21 ya kama 3.5. Cokalin shayi yana ɗaukar 5. Babur ɗin acaɓa kuwa sisi 100 ne ko fiye. Amma kada ƙanƙantar ta ruɗe ku: .21 na tsere yana juyawa fiye da sau 30,000 a minti ɗaya. Akwai manya irin su .45 da .90, sai dai Baba ya ce idan muka ɗora irinsu a kan falankin ƙannenmu, ƙarfin juyin farfela kaɗai zai kifar da shi kafin ya yi taku goma daga gaɓa. Ya ce shi kullum jiki yake fara aunawa kafin ya je kanti, kuma jiki mai santimita 70 iyakarsa .15 ko .18.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne yadda injin yake kama wuta. Ba shi da filogi mai tartsatsi irin na babur. Nasa filogin wata siririyar waya ce a naɗe a ciki, mai haɗin ƙarfen filatinam. Za a jona mata batir mai bolt 1.5 ta yi ja, a ja igiya, inji ya tashi, sannan a cire batirin. Daga nan ba ta sake buƙatarsa, saboda tururin metanol idan ya taɓa filatinam yana haifar da zafi, ga kuma zafin fashewar da ta gabata. Wanda bai yi barci a darasin kemistiri ba ranar da aka koyar da katalis zai gane abin da ke faruwa. Wani Ba'amurke, Ray Arden, shi ya fito da wannan filogi kasuwa a 1947.

Man ma ba fetur ba ne. Mafi yawansa metanol ne, sai mai na santsi kusan kashi ɗaya cikin biyar, sai nitrometen, wanda daga gare shi sunan nitro ya fito. Shi nitrometen yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa, don haka yana ƙonewa da iska kaɗan ya ƙara ƙarfi. Injin irin na ƙaramin janareta ne da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ba shi da wani tankin mai na daban, abin da ya sha shi ke shafe masa fistin da boris.

Ɗayanmu ya fito da wayarsa ya nuna wani .18 mai araha da ya gani a intanet, mai katon kai shuɗi mai tsaga-tsaga. Baba ya girgiza kai ya ce na mota ne. Tsagogin nan iska suke kamawa su sanyaya shi, a cikin rufaffen jirgi kuwa ina iskar? Na ruwa kansa ɗan gajere ne, da bututu biyu. Wata 'yar ƙofa a jikin ƙarfen da ke juya jirgin, can baya, tana ɗibar ruwan tafki yayin gudu, siririn tiyo ya kai shi ya zagaye kan inji, ya tsarto ta gefe. Ya tura jirginsa ya ce mu sa ido a kan wannan tsartuwar. Ranar da ba ku gan ta ba, in ji shi, ciyawa ta toshe tiyo, ku dawo da jirgi nan take.

Muna tsaye wani jirgi ja ya sha kwana da gudu, ya hau igiyar ruwan na gabansa, ya kife. Sai da aka shiga ƙaramin kwale-kwale na gaske aka ɗauko shi. Mai shi bai ko gwada jan igiya ba. Ya kwance filogi, ya juya jirgin ƙasa, ya riƙa juya injin har ruwan ya fita, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska, kuma wanda ya ja da ƙarfi sandar fistin zai lanƙwasa. Mun rubuta wannan da manyan baƙaƙe, don mun san halin ƙannenmu.

Sai aka zo maganar da ta kusa rushe tafiyar baki ɗaya. Baba ya tambaye mu inda yaran za su samu mai. Ba a yarda a shiga jirgin sama da shi ba, ko a jaka ko a akwati. Muka yi tsuru-tsuru. Injunan tsere na Italiya irin su CMB da Picco, waɗanda muka yi ta haɗiyar yawu a kansu, an yi su ne don mai mai nitro da yawa, kuma tada su sai da wata na'ura mai bel da batir babba. Amma inji mai sauƙin hali, irin na koyo da kamfanoni kamar O.S. na Osaka, wanda aka kafa a 1936, suka shahara da shi, yana iya tashi da metanol kashi 80 da man zurma kashi 20 ba tare da ɗigon nitro ba. Gudun zai ragu, kuma yakan mutu idan aka sassauta totur da yawa, amma zai yi tafiya. Zurmar nan dai ita ce cika-gida da ke tsirowa a bayan katanga, sai dai tataccen mai ake so, irin na kantin magani. Metanol kuwa ana samunsa wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje. A nan dole mu ja kunnenku: metanol guba ne, kurɓa kaɗan tana makantarwa ko ta kashe, kuma harshen wutarsa ba ya ganuwa da rana. Malamin kimiyya ne zai haɗa shi, shi zai kulle shi a kabad.

Kafin la'asar wani abokin Baba ya ciro wani .18 na ruwa daga akwatinsa, na hannu, mai igiyar ja irin ta janareta. Baba ya juya shi da yatsa ya ce mu ji yadda fistin yake ɗan cijewa a sama. Wannan cijewar ita ake nema, domin silindar tana tsukewa ta sama, kuma wanda ya wuce sumul ya gama yayinsa. Muka biya fam 55. Ragowar kuɗin ya tafi a kan filogi shida, da batirin kunna su, da tiyo, da farfela biyu, da ɗan kwalbar man da ake ɗigawa bayan an gama wasa, saboda metanol yana jan laima ya sa boris tsatsa.

A motar komawa muka rubuta wa ƙannenmu takarda shafi uku. Mun ce su buɗe allurar mai sosai a tankunan farko har sai sun ga hayaƙi yana bin jirgin, su nemi ruwa mai tsabta inda babu masu wanka ko masu wanki, kuma kada kowa ya faɗa kududdufi don ceto falanki. Injin yana naɗe cikin tsohuwar safa a jakar wani ɗan'uwa da zai sauka Kano ranar Alhamis. Har yanzu ba mu gaya masu cewa ba mafi girman muka saya ba.