Tamar Da Ta Daskare Cikin Taragu

Idan hunturu ya kama a Gwallameji, wani dattijo kan yi murmushi ya ji ɗalibai suna kukan ɗari. Yana cikin samarin da aka tura Tarayyar Sobiyet koyon narka ƙarfe domin Ajaokuta. Can ya ga tama mai danshi ta daskare cikin taragu, ko da diga ba ta fasuwa. Sai an tura taragun doguwar rumfa an rufe, an hura musu iska mai zafi, sa'an nan a juye. Duk ya rubuta a littafi.

An aza harsashin Ajaokuta a 1980, babban tanderun kuwa ba a taɓa kunna shi ba. Littafin na nan cikin adaka, gara ta fara cinsa.