Likita da Harshen Majinyaci

Idan aka ce wane ya tafi ƙasar waje karatun likita, abin da kan zo wa jama'a a rai shi ne manyan littattafai da farar riga da abin sauraren ƙirji rataye a wuya. Wana ya yi irin wannan karatu a Hartum, babban birnin Sudan, kuma a cikin dukan abin da ya ba ni labari, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa babu abin da ya wahalshe shi kamar magana da majinyaci.

Bayan shekarun zaman aji, akan raba ɗalibai rukuni-rukuni su shiga zagayen asibiti, watau sashen cututtukan manya, da na tiyata, da na yara, da na mata da haihuwa, kowane sashe makonni da dama. Da sassafe ɗalibi zai zauna bakin gadon majinyaci, ya tambaye shi mafarin ciwonsa, ya duba shi, ya rubuta. In babban likita ya iso da ayarinsa, sai ɗalibin ya miƙe ya yi bayani da Ingilishi, alhali kuwa da Larabcin Sudan majinyacin ya gaya masa, wanda ya sha bamban da Larabcin littafi da muka koya a Islamiyya. Misali, dattijuwa takan ce ruɗuba ke damunta. A littafi ma'anar kalmar danshi ce, amma ita ciwon gaɓoɓi take nufi, daidai da abin da tsofaffinmu ke kira sanyi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramin abu ne, domin kuwa sau da yawa a bakin majinyaci ake gano ciwo tun kafin a kai jininsa awo. Manomin da ya ce daga Jazira ya zo, inda ake noman rani da ruwan madatsar Sinnar tun 1925, ya kuma ce yana ganin jini a fitsarinsa, ai ya riga ya nuna hanyar tsargiya. Haka nan makiyayin da ya tuna ƙaya ta taɓa sokarsa shekarun baya, ga kuma ƙafa ta kumbura tana tsiyaya, sai a yi zaton maisitoma, ciwon da ya yawaita a Sudan, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2016. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani abin sha'awa kuma shi ne akwai Hausawa masu yawa a Sudan. Wasu jikokin mahajjata ne da hanya ta tsayar, wasu kuwa zuriyar waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. In aka kawo tsohon da ya fi sakewa da Hausa, wana ake kira. A nan ya ga cewa jin Hausa ma bai wadatar ba, sai an san ladabinta. Mace ba za ta ambaci haila ko ciki kai tsaye ba, sai ta ce tana fashin salla, ko ta yi ɓatan wata, ko tana da juna biyu. Uwa kuwa takan kauce wa sunan ɗanta na fari saboda kunya. Har ila yau, kalma ɗaya kamar shawara takan ɗauki ciwon hanta da toshewar matsarmama da sikila, tun da duk suna sa ido ya yi rawaya.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya katse wannan karatu. Aka kwashi ɗalibanmu a motoci zuwa iyakar Masar, daga can jirage suka kawo su Abuja a watan Mayu. Wana ya ci gaba da zagayen asibiti a nan gida, sai ya tarar da matsalar tana jiransa: koyarwa da Ingilishi, majinyaci da Hausa, ɗalibi a tsakani yana tafinta gwargwadon abin da Allah ya hore masa.

A ganina, a nan ne aiki ya hau kanmu, mu ɗaliban Hausa. Mukan yi nazarin waƙa da karin magana, hakan kuwa ya dace. To, amma sunayen cututtuka da sakayar zancen majinyata suna nan a bakin ungozoma da wanzami da maɗori, kuma kullum tsofaffin da suka san su raguwa suke yi. Da ɗalibin Hausa da ɗalibin likita za su haɗa hannu, ɗaya ya tattara kalmomin daga Sakkwato zuwa Haɗeja, ɗaya ya daidaita su da ilminsa, da an sami ƙamus wanda zai hana a ba mai ciwon gaɓoɓi maganin ciwon sanyin mara. Allah ya sa mu dace, ya kuma zaunar da Sudan lafiya.