Masu Farautar Tsofaffin Faifai

'Yar'uwa mai karatu, a Ingila da Amurka har da Japan akwai wasu mutane da ba su da abin sha'awa irin bin kasuwannin gwanjo suna tonon tsofaffin faifan garmaho. Kuma ba na manyan mawaƙan da duniya ta sani suke nema ba, a'a, na wasu 'yan samari da 'yammata ne da suka yi kiɗa wajajen 1977 zuwa 1982, waɗanda ko maƙwabtansu sun manta sun taɓa riƙe jita. Ni a bakin kawuna na fara jin zancen, shi da ya yi karatu a Leeds a wancan lokaci, ya dawo da akwati guda na irin waɗannan faifai, har yau bai yarda yaro ya matsa kusa da shi.

Kiɗan suna ce masa post-punk, wani kuma new wave, wato abin da ya biyo bayan guguwar punk ta 1976. Gaskiya ni kam mafi yawansa bai yi mini daɗin ji ba. Wani sai ki rantse kwanuka ne suka zubo daga kan kanta. Abin da ya kama ni shi ne yadda aka yi faifan.

A da, in kamfani bai ɗauke ka ba, to kai da faifai sai dai kallo. A Janairun 1977 wasu samari 'yan Manchester masu suna Buzzcocks suka ranto fam 500 wajen dangi da abokai, suka buga ɗan faifansu Spiral Scratch guda 1,000, daga baya ya sayu har 16,000. A shekarar dai wasu 'yan Landan, Desperate Bicycles, suka buga nasu guda 500 a kan fam 153 kacal, suka kuma riƙa faɗa wa jama'a kuɗin don kowa ya san abin ba gagara ba ne. Scritti Politti ma a 1978 a jikin bangon faifansu suka jera abin da suka kashe da wuraren da suka kai aikin. Ke kin taɓa ganin ɗan kasuwa ya tona asirin sana'arsa haka? To su so suke a yi koyi da su, kuma an yi. Mai aikin kanti, ɗalibi, marar aikin yi, kowa ya tara 'yan kuɗinsa ya buga 500 ko 1,000, ya yi hoton bango da injin kwafi, ya zauna a ɗaki yana naɗewa yana manna wa da hannu. Sai ya ɗauka ya kai kantin Rough Trade da Geoff Travis ya buɗe a Landan a 1976, ya aika ɗaya ga John Peel na gidan rediyon BBC ko Allah zai sa ya saka shi da dare. Daga nan fa shi ke nan. Da yawa faifai ɗaya suka yi suka watse, wannan ya samu aiki, waccan ta yi aure, ragowar faifan suka ƙare a ƙarƙashin gado ko a bola.

Shi ya sa yau samunsu ya zama farauta. Mai nema sai ya ɗaga faifai ga haske ya duba ƙarzuwa, ya duba ko bangon na asali ne, ko 'yar takardar da aka cusa ciki tana nan, ko tambarin hannu ne aka buga. Tun da aka kafa Discogs a intanet a 2000, farashi ya fito fili, har ɗan faifan farko na Joy Division na 1978 yakan haura fam dubu. Masu tarawar kuwa ba duka nake ganin girmansu ba. Akwai wanda zai saya ya sa a leda ya kulle, shi bai ji ba bai bar wani ya ji ba, jira yake kuɗi ya hau. Wannan ai mai ɓoye hatsi ne. Wanda ya burge ni irin Chuck Warner ne, Ba'amurken da ya bi diddigin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi ya tattara waƙoƙinsu a jerin da ya kira Messthetics, har waɗanda suka yi furfura suka ji ashe ana tunawa da su.

Labarin da ya fi taɓa ni na mata ne. Ana da Silva da Gina Birch ɗalibai ne a makarantar zane a Landan, suka kafa The Raincoats a 1977 ba tare da sun ƙware a kiɗa ba, faifansu na farko ya fito a 1979. Zuwa 1992 ya yi wuyar samu. Sai ga Kurt Cobain na Nirvana, lokacin duniya na rububinsa, ya shiga kantin Rough Trade yana cigiyarsa domin nasa ya lalace. Babu. Aka yi masa kwatancen wani shagon kayan gargajiya inda Ana ke aiki, ya taka ya je ya same ta. Daga baya ta aika masa da faifan, kuma a 1993 aka sake fitar da ayyukansu. Ki duba fa, mace tana tsaron shago, ta ɗauka an rufe wancan babi.

Na san dalilin da labarin ya zauna mini a rai. Littafina na farko da kuɗin adashi da na sarƙata na buga shi, kwafi 1,000, ni da ƙanwata muka ƙirga muka ɗaure muka kai wa masu shago. Irin takardarmu kin san ta, shekara kaɗan ta yi ja, ga gara, ga aro da haya daga hannu zuwa hannu har bango ya fita. Maɗaba'ar ma ta rufe tuni. Da na tashi sake buga shi, na yi cigiya wata da watanni, sai a wajen wata matar aure a unguwarmu aka samu. Cikin adaka ta ajiye shi tare da zannuwan lefenta, duk ya ɗauki ƙamshin turaren wuta. Na ce, "Hajiya, ki sayar mini, ko nawa ne." Ta yi dariya ta ce, "Haba ƙanwata, ke kika rubuta, amma ni na saya." Kwana 3 ta ba ni aro, kuma ranar ta uku da la'asar sai ga ɗanta a ƙofar gida ya zo karɓa.