Garin da Jaki Ke Cin Gado

Ka san hanyar Yamai, ba sai na gajiyar da kai da labarinta ba. Ɗan kabu-kabu ya fitar da ni daga Dawce zuwa Matameye, na kwana Damagaram, da asuba muka hau kar. Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Doso, kilomita wajen 900, ba mu sauka ba sai da dare ya yi. Jirgin sama ya bi da mu ta Kasabalanka ta ƙasar Maroko, ya sauke mu Landan. Abin da ya kai ni bikin ƙanena ne, wanda ya kammala karatu a jami'ar Exeter, wani birni a kudu maso yammacin Ingila, tafiyar awa biyu da 'yan kai a jirgin ƙasa. Faransancin nan da nake taƙama da shi tun muna lakwal, a gaban masu duba fasfo ya ƙare. Daga nan sai murmushi da gyaɗa kai, sai kuma abin da yaron ya ga dama ya fassara mini.

Da aka watse daga biki ya ce, "Yaya, gobe zan kai ka wani wuri. In ka koma gida ka ba da labari, cewa za a yi ka ƙara gishiri." Muka shiga bas zuwa Sidmouth, wani ɗan gari a bakin teku wanda tsofaffi masu cin fansho suka cika. Daga can tasi ya haura da mu tudu ta wata siririyar hanya, shingen ganye dama da hagu, in motoci biyu suka haɗu dole ɗaya ta ja da baya. Watan Yuli ne, ana yayyafi, sanyi na ratsa ni, su kuwa wai lokacin zafinsu ke nan.

Sunan wurin The Donkey Sanctuary, wato mafakar jakuna. Na soma laluben aljihu a bakin ƙofa, aka ce ba a biyan ko sisi. Muna shiga na tsaya cak. Jakuna ne birjik a fili kore shar, ba dabaibayi, ba turke, ba wanda ke ɗauke da mangala, kowanne da abin wuya mai sunansa a rubuce. Na ga masu kama da aura da duna da idabari irin namu, sai dai kowanne ya yi biyun na gida a ƙiba. Na kuma ga wani iri da ake kira Poitou, ɗan asalin Faransa, dogo kamar alfadari, gashi ya zubo masa buzu-buzu har ciki. Na daɗe ina kallonsa kafin in yarda jaki ne.

Labarin yadda aka fara yana manne a bango da hotuna. Wata mata ce, Elisabeth Svendsen, mai otal a wani gari kusa da nan, ta sayi jaka guda a 1969 a kan fam 45. Da ta ga halin da jakuna ke ciki a kasuwar dabbobi ta Exeter sai ta shiga sayen waɗanda suka fi wahala tana jinyarsu. A 1973 ta yi wa abin rajista a matsayin ƙungiyar agaji. Shekara na zagayowa wata tsohuwa mai suna Violet Philpin ta rasu, ta bar mata wasiyyar jakuna 204. Kai ka duba: ana barin gona, ana barin gida, ita jakuna ɗari biyu da huɗu aka bar mata, kowanne da bakinsa. Dole ta nemi fili, aka samu gonar Slade House, inda muke tsaye. Elisabeth ta rasu a 2011, ta bar ƙungiya mai riƙe da dubban jakuna a Birtaniya da wasu ƙasashen Turai, har da asibitinsu na musamman.

A wani rumbu mai rufi muka tarar da wata dattijuwa sanye da takalmin roba har gwiwa, tana taje wa wani tsohon jaki gashi. 'Yar sa-kai ce, ba a biyanta, mako-mako take zuwa. Jakin ya haura shekara 30, haƙora sun zube, bayansa ya lotsa, an yanka masa abinci ƙanana-ƙanana a bokiti. Ta ɗaga ƙafarsa ta gaba ta ɗora a gwiwarta, ta sa wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ta ƙwaƙule laka da tsakuwa daga cikin kofato, ta shinshina, ta ajiye, ta koma ɗayar. Shi kuwa ya runtse ido, leɓe na reto. Na ce wa ƙanena ya tambayi Iya me take shinshinawa. Ta ce ruɓa. Damshin ƙasarsu yana cinye kofaton jaki, don asalinsa dabbar busasshiyar ƙasa ce. Gashinsa ma ba ya tare ruwa kamar na doki, shi ya sa dole a yi masa ɗaki. Ciyawar nan da ta burge ni kuwa ita ce babbar cutarsu: ta yi musu maiƙo da yawa, sai ƙiba, sai ciwon kofato. Don haka karan sha'ir suka fi ba su, busasshe, kuma ana auna nauyinsu a kai a kai. Ashe karan dawa da ƙaiƙayin da muke zuba wa namu muna jin kunya, su ne suka fi kusa da abin da likita ke so.

Na tambaya ko ana sayar da su. Ba a sayarwa, ba a kuma bari su hayayyafa, duk namiji ana dandaƙe shi. Ana dai ba mutane riƙo, amma da sharuɗɗa. Sai an zo an ga filinka, kimanin eka ɗaya ga jakuna biyu, da ɗaki, da daɓe mai tauri inda za su tsaya lokacin ruwa. Sai an koya maka kula da su. Ba a ba da ɗaya tilo, sai biyu, domin jaki kan shaƙu da abokinsa, in an raba su yana iya daina cin abinci har ciwo ya kwantar da shi. Wannan kam ban yi musu ba, na taɓa ganin haka a gida, mun dai ce iska ce. Bayan an ba ka, jakunan suna nan a matsayin na ƙungiya. Jami'ansu kan leƙo, ranar da ka gaza kuma su dawo su ɗauki abinsu.

Tun shigowarmu tambaya ɗaya ke cina: wa ke biyan wannan duka? Domin 'yan sa-kai irin Iya taimako suke yi, nauyin aikin yana kan ɗaruruwan ma'aikata masu albashi, likitoci da masu gyaran kofato da masu ofis. Akwai gidan abinci, akwai kanti mai sayar da kofuna da riguna masu hoton jaki. Akwai tsarin da mutum zai zaɓi jaki guda yana biyan 'yan fam kowane wata, a aiko masa da hoto da labarin lafiyarsa, jakin kuwa yana nan inda yake. Fam ɗaya fa kusan dala 150 ne a kuɗinmu. Amma duk wannan ƙari ne. Amsar tana kan hanyoyin da ke ratsa gonar, inda aka jera ƙananan alluna masu sunayen mamata. Fiye da rabin kuɗin da ke shigowa, gomiyoyin miliyoyin fam a shekara, daga wasiyya yake fitowa. Tsoho ko tsohuwa za su rubuta a gaban lauya cewa in sun mutu a ba jakuna kaso kaza na gida ko na ajiyar banki. Na ce wa ƙanena ai mu ma shari'a ta yarda mutum ya yi wasiyya da sulusin dukiyarsa, kuma mun san wakafi. Ya ce, "Haka ne, Yaya, amma wa ka taɓa gani ya rubuta?"

Kada ka ɗauka kowa a can ya yarda da abin. A 2008 an yi ta ce-ce-ku-ce a jaridunsu, da wani rahoto ya nuna cewa gudummawar da wannan gida ya samu ta fi ta manyan ƙungiyoyi uku masu taimakon matan da ake duka a gidajen aure, in an haɗa su. Ni ma da na tsaya gaban allunan nan, matan ƙasar Kance na tuna, masu ɗaukar yara su ratsa Sahara zuwa Aljeriya neman abin kai wa baka. Raina bai yi daɗi ba. Sai dai ban iya cewa Iya ta yi laifi ba, tana durƙushe cikin sanyi tana share kofaton dabbar da ba za ta taɓa yi mata aikin komai ba.

A ɗakin baje koli na ci karo da labarin da ya shafe mu kai tsaye, cinikin fatar jaki. Ana dafa fatar a Sin a fitar da wani abu mai danƙo da suke kira ejiao, suna sha a matsayin magani. Ka tuna 2016, lokacin da farashin jaki ya yi tashin gwauron zabo a kasuwanninmu har gwamnati ta hana fitar da su? A shekarar an fitar da kimanin 80,000 daga Nijar kafin hanin, alhali a 2015 ba su wuce 27,000 ba. Wannan ƙungiya tana cikin waɗanda suka matsa har shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da hana yanka jakuna don fata, a taronsu na Adis Ababa a Fabrairun 2024. Kuɗin wasiyyar wata tsohuwar Ingila ke nan ya zagayo har ya taɓa amalanken da ke kai mana ruwa da taki.

A bas ɗin komawa Exeter ƙanena ya tambaye ni ko za a iya irin wannan a Dawce. Na ce a'a, ba ma bukata. Jakinmu ma'aikaci ne, mai shi kuma ba shi da rarar da zai ciyar da wanda ya daina aiki. Abin da za mu iya ɗauka ba ya cin ko dala: ƙwaƙule kofato, sa tsumma mai laushi a ƙarƙashin akumari, hutar da mai miki har ya warke, da daina zuba masa baƙin man mota a ciwo. In ma'aikatan kiwo na Matameye za su koya wa matasa biyu ko uku gyaran kofato su riƙa zama a kasuwa, da an rage guragun jakuna da yawa.

Kai kuma, kafin in zo maka da tsaraba, ɗaga akumarin jakin gidanku yau da yamma ka duba bayansa.