Yadda salansa ta kusa cinye mani kuɗin lefe

Mai karatu, wannan watan sai ka yi mani afuwa. Na san ka saba buɗe shafin nan ka tarar ina warware zare da abawar wani sabon fim, in yaba inda aka yi daidai, in ja kunnen darakta inda ya yi sake. To, yau kai na zan yi wa sharhi. Dalili kuwa, ni da na ke yi wa 'yan kallo huɗubar kada su ɗauki fim tamkar gaskiya, saura ƙiris fim ya yi awon gaba da kuɗin aure na.

Asalin abin tun ina yaro ne. Fim ɗin 'The Fast and the Furious' na darakta Rob Cohen ya fito a 2001, lokacin ko firamare ban yi nisa ba, don haka sai daga baya na kalle shi a faifan da yaya na ya kawo gida. In ka na tune, fim ɗin ya buɗe ne da wasu baƙaƙen motoci uku ƙirar Honda Civic, da koren haske a ƙarƙashin su, su na bin wata tirela cikin dare, har ɗayar su ta kurɗa ta ƙarƙashin ta. Ni ba gudun ne ya tafi da ni ba kamar ƙugin. Tun daga ranar na ƙudura a rai na cewa in Allah ya hore mani mota, sai ta yi irin wannan kuka.

Allah bai hore ba sai bara, inda na haɗa 'yan canji na da kuɗin adashe na sayi wata tsohuwar mota 'yar Japan mai silinda huɗu, wadda aƙalla mutum uku su ka ci ƙuruciyar ta kafin ta zo hannu na. Mu na zaune lafiya har wata biyar. Sai na fara jin wani ƙas-ƙas-ƙas a gaban mota duk safiya, wanda ke lafawa in injin ya ɗau zafi. Na share. Sai kuma na ga ta na shan mai fiye da da, kai kuwa ka san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023, kowace lita ta na da daraja. Nan ma na share. Abin da ya tada mani hankali shi ne ranar da na ɗauko Umma daga gidan suna. Mun tsaya cikin cunkoso, gilashi a rufe, sai ta dafe kai ta ce, "Kai, sauke mani gilashin nan. Duk ran da na shiga motar nan sai kai na ya sara."

Washegari na nufi gareji. Bakaniken namu dattijo ne, tun zamanin marsandi da fijo ya ke riƙe da sifana. Ya ɗaga bonet, ya cire wani faifan ƙarfe, ya nuna mani wani baƙin layi kamar an zana da gawayi. Ya ce, "Ɗan jarida, manifol ɗin ka ya tsage."

Diflomar da na yi ta aikin jarida ce, don haka sai da ya yi mani dalla-dalla. Manifol shi ne mafarin salansa, wato ƙarfen da ke manne a jikin injin ya na karɓar hayaƙin silinda huɗun nan, ya haɗa su a bututu guda. Da safe ƙarfen ya na a sanyaye, tsagar a buɗe, shi ya sa na ke jin ƙarar. In ya yi zafi sai ya kumbura ta ɗan rufe. Ta wannan tsaga iska ke kutsawa, na'urar da ke auna iskar hayaƙi ta ɗauka mai ya yi kaɗan, sai kwamfutar mota ta ƙara turo mai. Ga inda kuɗi na ke zurarewa. Ta nan kuma hayaƙi ke fita ya bi ta ramukan iska ya shigo cikin mota. A cikin sa akwai gubar nan da ba ta da launi ba ta da wari, irin wadda ke cikin hayaƙin janareto, wadda mu ke jin ta hallaka iyali guda a ɗaki cikin dare. Da ya faɗi haka sai na tuna Umma dafe da kai, jiki na ya yi sanyi.

Ya ce hanya uku ce. Ko a yi walda, wadda ita ce mafi arha, amma ƙarfen zubi ba ya son walda: sai an gasa shi, an yi amfani da irin sandar da ta dace da shi, an bar shi ya huce a hankali, duk da haka sau da yawa ya kan sake tsagewa a gefen ɗinkin. Ko a nemo na asali ɗan Baljiyam. Ko kuma a sa na zamani da samari ke kira hedas.

Wallahi ina jin kalmar nan sai yaron da ke ciki na ya farka. Daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta duba hotunan su a waya. Maimakon dunƙulen ƙarfe guda, kowace silinda da nata bututu mai sheƙi, su tafi a lanƙwashe su haɗu can ƙasa. Hikimar kamar ta tashi daga gidan kallo ce: in ƙofa ɗaya ce sai an yi turereniya, in ƙofa huɗu ce kowa ya fice salin-alin. Bayan haka, duk hucin da ya wuce a guje ya kan bar wani ɗan zuƙo a bayan sa, wanda ke taimakawa wajen janyo hayaƙin silindar da ke biye. Iri biyu ne a injin mai silinda huɗu. Akwai 4-1, inda huɗun ke haɗuwa lokaci guda, shi kuma amfanin sa sai an taka totur injin ya kai ƙololuwa. Akwai 4-2-1, inda ta 1 ke haɗuwa da ta 4, ta 2 da ta 3, sannan biyun su zama ɗaya, shi ne ya fi dacewa da tuƙin cikin gari.

Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne farashi. Wanda na gani a wani shago bai kai rabin kuɗin ɗan Baljiyam ba. Ga arha, ga sheƙi, ga ƙugi. Kuɗin da ke hannu na kuwa na akwati biyu ne daga cikin lefen da na yi alkawarin kaiwa bayan Sallah, don haka duk abin da zai rage mani kashewa, maraba na ke da shi.

Na koma wa dattijon nan da murna ta. Bai ce kada in saya ba. Ya ciro wani ɗan mayen ƙarfe daga tsohuwar sifika ya sa a aljihu, ya ce in ja mu je. A shagon ya juya kayan nan ya na nuna mani abin da ido na bai gani ba. Ya fara da faifan da ke manne wa injin: ya ce in kaurin sa bai kai kusan milimita 10 ba, zafi zai lanƙwasa shi, yoyon da na gudo ya dawo. Wannan kuwa siriri ne. Ya leƙa cikin bututun ya nuna mani ƙullutun walda da ya tsaya a hanyar hayaƙi. Ya ɗora mayen ƙarfe, sai ya kama ƙam. Ya ce sitenles mai lamba 304 ba ya kama mayen ƙarfe sosai, mai lamba 409 ya na kamawa amma ba shi da irin wannan sheƙi. Wanda ya haɗa sheƙin madubi da kama mayen ƙarfe haka, a yi zargin baƙin ƙarfe ne aka shafe, damina ɗaya ko biyu tsatsa ta bayyana. Ya auna tsawon sa da hannu ya ce zai sauko ƙasa, duk tudun rage gudu da ke layin mu sai ya gaisa da shi. Kuma siririn bututu ya fi ƙarfen zubi fesa zafi a cikin bonet, ga wayoyi da robobi a kusa.

Sai ya zo kan babbar magana. Ya ce, "Ka san abin da ya sa ya yi arha? Babu indomi." Indomi shi ne sunan da bakanikai su ka sa wa matatar hayaƙin nan mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. A irin motar tawa, a jikin manifol ɗin ta ke. A cikin ta akwai ɓurɓushin ƙarafa masu tsada, filatinam da danginsa, su ne ke sauya gubar hayaƙi ta rage illa, kuma saboda su ne ɓarayi ke farautar ta. In na sa hedas ɗin nan, na rabu da ita ke nan: wutar gargaɗin injin za ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa, hayaƙin ya ƙara wari, mai babur da ke baya na a danja ya shaƙa. Na tambaye shi ƙarfin da motar za ta ƙaru da shi. Ya yi dariya ya ce a ƙaramin injin da ba a taɓa komai nasa ba, kunne na ne zai ji canjin, ƙafa ta ba za ta ji wani abin kirki ba.

A hanyar dawowa ne kunya ta kama ni, don abin da ya faɗa aiki na ne, na kuma san shi. Ƙugin da ke cikin fim ba a wurin ɗaukar hoto ake kama shi duka ba. Masu haɗa sauti ne ke naɗo kukan injina daban, su jera su a ɗakin tace fim, kamar yadda a finafinan mu jaruma ke motsa baki alhali wata ce ta rera waƙar a situdiyo. A wannan fim ɗin dai, a tseren farko, kwamfutar motar Paul Walker ta yi gargaɗin cewa manifol na cikin haɗari, sai ga faifan ƙasan motar ya ɓalle ya faɗi kan titi. Ina ruwan biri da gada? Da darakta ɗan Kano ne ya yi wannan, da na cika shafi biyu ina caccakar sa. Amma ga ni na yi shekaru ina son in sayi sautin da aka haɗa a kwamfuta.

A ƙarshe Ƙofar Ruwa mu ka je, mu ka zagaya har mu ka samu ɗan Baljiyam mai lafiya. Dattijon ya haska fitilar waya a ciki ya tabbatar indomin ba a farfashe ya ke ba, ya girgiza shi bai ji ƙarar komai ba. Tsohon nawa da na ɗauka bola ne, ashe akwai masu sayen sa saboda indomin da ke ciki, kuma abin da su ka ba ni ya rage mani kaso mai kyau. Na sayi sabon gasket, don ya ce wanda ya maida tsoho zai biya kuɗin aiki sau biyu. Akwati ɗaya ya tafi, ɗaya ya tsira, na kuma je na yi wa wadda zan aura bayani da baki na.

In kai ma ka na da irin wannan buri, ban ce haramun ba ne. Amma ka tafi da wanda ya san ƙarfe, ka tabbatar an ƙera shi don irin injin ka, akwai ramin da za a ɗaura na'urar auna iska, kuma ka san makomar indomin ka kafin a kwance noti ɗaya. Ka lissafa da kuɗin aiki da na gasket. In jimillar ta fi ƙarfin aljihun ka, na asali ya wadatar.

Yanzu motar ta na tashi shiru, maƙwabta ba su san fita ta ba. Makon jiya na kai Umma asibiti ganin ido, har ta yi gyangyaɗi a kujerar baya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, inda za mu koma kan finafinan Sallah.